Ƙullin da Ke Bayan Fiffike

Zuwa ga abokina Tunau, mutumin Gummi, a duk inda wannan takarda ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, idan Allah ya ba ka iyali a can. Ni ne Haliru na Anka, wanda kake ce wa Akawu. Ina nan da rai, sai dai jiki ya yi rauni, ƙafa ta yi nauyi, hannu kuma yana rawa har shayi ba ya kai baki sai ya zuba a riga.

Ba ni da adireshinka. Labarinka na ƙarshe da ya iso mini, wani alhaji ne da ya dawo ta ƙasa ya ce ya ga wani Bazamfare a bakin kogi a Sudan yana gyaran koma, aka ce masa daga Gummi ya fito. Wannan magana ta haura shekara ashirin. Shi ya sa na aika da wasiƙar nan ga jarida, don jarida tana zuwa inda mutum bai zata ba, ko da ƙunshin goro aka yi da ita. Na san ba ka karatun boko. Wanda Allah ya sa ya karanta maka, ina roƙonsa kada ya tsallake komai, har wuraren da ba su yi mini daɗi ba. Saboda su nake rubutun.

Wata biyu ke nan da wata motar soja ta tsaya a ƙofar gidana da hantsi, ina zaune gindin darbejiya tare da tsofaffin unguwa. Wani saje na sojan sama ya sauko, sunansa Bitrus, mutum mai ladabi, Hausarsa irin ta bariki. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya fito da hoto daga aljihu ya miƙo mini.

Tunau, irin namu ne. Ƙaramin jirgin soja mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, irin wanda ake koya wa matuƙa tashi da shi. Sun same shi a bayan wata tsohuwar rumfa a barikinsu, ciyawa ta rufe shi, ɓeraye sun yi gida a wurin zaman matuƙi. An ba su umarni su gyara shi a ajiye inda jama'a za su riƙa zuwa kallo. Ba tashi zai yi ba, amma babbansu ya ce ba ya son aikin ganin ido, a mayar da shi yadda aka ƙera shi tun farko. Inji sun wanke, katako kafintoci sun gyara, farfela an goge ta. Yadi ne ya gagare su. Wanda yake jiki ya ruɓe, babu ko zare ɗaya da za su duba. Sun sa telan bariki ya gwada, da aka shafa masa fenti sai ɗinkin ya zame, yadin ya yi ciki kamar tsohuwar laima. A cikinsu babu wanda ya taɓa ɗinka yadi a jikin fiffike, duk jiragen ƙarfe suka tarar. Sai wani ya binciko tsohon kundin sunayen ma'aikatan zamanin yaƙin duniya na biyu, ya ga sunana da garina.

Saje Bitrus ya ce, "Baba, kai ne muke nema. Takarda ta ce kai gwani ne." Tsofaffin unguwa suka kama murna, ɗaya ya ce, "Mai Jirgi, yau dai ranarka ta kama!" Mai Jirgi suke kirana a nan, tun dawowarmu. Na dubi hoton, na dubi mutanen da suka yi shekara arba'in suna jin labaran jirgi daga bakina, na ce wa saje ya ba ni wata guda in shirya, zan bi shi.

Tun da ƙurar motarsa ta kwanta ban sake samun zama ba. In na zauna a zaure sai in tashi, in na kai tasha sai in rasa abin da ya kai ni. Domin ni da kai mun san abin da kundin nan bai sani ba. Rabin aikin kawai na iya.

Ka tuna yadda muka haɗu? A tashar jirgin ƙasa ta Gusau, ni da akwatina na ƙarfe da takardar gama makaranta, kai da tabarma da ƙoƙo, cikin leburorin da aka tara daga ƙasar Gummi. Ka dubi takalmina ka ce wa na kusa da kai, da ƙarfi yadda zan ji, "Wanga ko ruwa ya gani sai ya nemi izini kahin ya taka." Ban yi dariya ba. Sai da muka kai Kano na yafe maka.

A filin jirgi an ba ni aikin tafinta, an ba ka share rumfar jirage. Jirage suna tasowa daga bakin teku suna yada zango za su gabas, rana ta gasa yadin jelarsu da fiffikensu har ya tsattsage. Baturen da ke kula da ɗinki, sajen nan da muke kira Jan Wuya, ya gaji da masu taimakonsa, kullum sai ya warware abin da suka yi. Ran nan ya tarar da kai a inuwar rumfa kana ƙulla wata 'yar koma da ragowar zaren da aka zubar, don ka ji an ce akwai kududdufi mai tarwaɗa bayan wayar shinge. Na ɗauka mari zai kai maka. Sai ya karɓi komar ya juya ta, ya ja da ƙarfi, ya sake ja. Ya ce mini in tambaye ka wa ya koya maka. Ka ce, "Hwaɗa mai, gidanmu ko akuya ta iya wanga." Ban fassara masa akuyar ba.

Daga ranar aka haɗa mu. A kafa fiffike a tsaye bisa jakin katako, an riga an ja masa yadi. Kai kana gefe ɗaya, ni ina ɗaya gefen, ba ma ganin juna sai ƙafafu ta ƙasa. Allura mai tsawon kamu ɗaya, zare an shafe shi da kakin zuma. Ka soko ta dab da haƙarƙarin fiffike, in karɓa, in tsallaka haƙarƙarin in mayar maka da ita ta ɗaya ɓarin, ba tare da na ga inda za ta ɓullo ba. Kai ka ƙulla. Mu matsa yatsa uku, mu sake. Haka tun safe har azahar, haƙarƙari bayan haƙarƙari. In na tsaya auna wuri sai in ji muryarka ta cikin yadi: "Akawu, turo mani allura, ba takarda kaka rubutu ba!"

Bayan ɗinki a bi sawun da ƙyalle mai haƙora, sannan a shafa fentin nan mai wari da ke sa yadi ya ƙame. Warinsa yana juya kai, shi ya sa ake ba mu madarar gwangwani kullum mu sha. Kai kana ɓoye taka kana kai wa wata Bafillatana mai fura a bakin ƙofa, wai tana son ta ji abin da shanun Turawa ke yi. In fenti ya bushe Jan Wuya ya zo ya ɗalle yadin da yatsa. In ya yi amo kamar ganga ya wuce bai ce komai ba. Wannan shirun shi ne yabonsa.

Ranar da fiffikenmu na farko ya tashi, mun tsaya bakin waya muna kallo. Jirgin ya karkata ya juyo ta kanmu, ka kama hannuna har farcenka ya shiga. Ka ce, "Akawu, ɗiyan mutane na bisa zarena." Ban taɓa ganin ka ji tsoro ba sai ranar.

Shekara uku muna haka. Na ga ƙullin nan a gama sau ba adadi, ɗan ƙarami, a kwance kamar ƙwayar gero. Amma ban taɓa zagayowa na tsaya bayanka na ga yadda yatsunka suke yin sa ba. Taku biyar ne tsakanin gefena da naka. Abin da ya hana ni, yanzu ba ni da dalilin ɓoyewa: ina ganin bai dace mai takardar makaranta ya ce wa mai share rumfa koya mini ba.

Ga kuma abin da ba ka sani ba, wanda shi ne nauyin wasiƙar nan. Da yaƙi ya ƙare za a sallame mu, an riga an ɗauke Jan Wuya zuwa wani wuri. Wani sabon Bature da bai san mu ba aka zaunar a tebur yana ba da takardun shaida. Muka shiga mu biyu. Ya tambaye ni da Turanci wane ne mai sana'ar a cikinmu, don takardar gwani ɗaya aka ware wa sashenmu. Na ce ni ne, wannan mai taimaka mini ne. Ya rubuta, ya buga hatimi. Ka zungure ni ka ce, "Mi yac ce?" Na ce, "Ya ce mun yi ƙoƙari." Ka yi murmushi ka sara masa yadda ka ga soja na yi.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa takarda ba za ta yi maka amfani a gulbi ba, jiƙewa ma za ta yi, ni kuwa ga aure a gabana. Da takardar nan na sami aiki a ma'aikatar En'e, daga gyaran tamfol har na zama mai kula da sito. Da ita na gina ɗakin da nake ciki. Kai ka koma Gummi, shekarun kifi suka yi wuya, ka ɗaura niyyar hajji ta ƙasa. Ka biyo ta Anka ka kwana biyu a gidana, matata Allah ya jiƙanta ta daka maka guzuri, na raka ka har bakin gari. A hanyar nan sau biyu na buɗe baki, sau biyu na yi maganar damina.

To, ga shi takardar ta dawo ta same ni a gindin darbejiya.

Da fari na ce zan tuno. Na sa maƙeri ya fiƙe mini ƙarfen laima ya huda masa kafa, na ja yadin akoko a jikin tsohon gadon matata, na kafa shi tsaye, gefe ɗaya a jingine da bango. Na kulle ƙofa don kada a gani. Na soka, na zagaya na karɓa, na mayar, na sake zagayowa gefenka na tsaya riƙe da zare kamar baƙo a gidan suna. Duk ƙullin da na yi, in na ja sai ya biyo ni. Kwana tara ina zagaya gadon nan har maƙwabciyata da ke aiko mini tuwo ta tambaya ko lafiya, ta ji taku ba ya yankewa.

Sai na shiga motar kasuwa na tafi Bukkuyum wurin wani baduku da na sani tun ina aiki. Ban gaya masa gaskiya ba, na ce gwada shi nake yi. Ya yi mini ƙulli iri uku, kowanne ya kama gam. Amma ƙullin dukawa a tsaye yake, yana da kai, iska za ta same shi. Namu dole ya kwanta, kuma kowanne ya riƙe kansa, yadda in zare ya tsinke a wuri ɗaya saura ba za su bi shi ba. Da na faɗa masa haka ya ajiye basilla ya ce, "Malam, wanga ba aikin hwata ba na. Tai ka tambayi mutanen ruwa." Na san haka tun kafin in baro Anka. Gummi ce ba na son zuwa.

Na je. Motar ta girgiza ni har sai da aka sauko da ni kamar buhu. Garinku ya faɗaɗa, shinkafa ta cika fadama, kuma yawancin komayen da na gani a bakin gulbi na kanti ne, zaren roba, inji ya saƙa. Na yi ta tambayar gidan su Tunau, matasa suna kallona, har wani tsoho mai gyaran kwalekwale ya ce ƙanwarka Ige tana nan da rai, a gidan ɗanta Isa.

Tunau, ta tsufa, ido ya tafi, amma bakin naku ne. Da na yi sallama na faɗi sunana ta ce, "Kai na Akawu? Wanda ba ya taka ruwa? Ya sha hwaɗa muna kai. Isa, shimhiɗa mai tabarma nesa da randa." Ta tambaye ni ko na ji labarinka, na tambaye ta ko ta ji, ashe babu wanda ya ji a cikinmu.

Isa magidanci ne, ya ba arba'in baya, masunci kamar kakanninsa, kafaɗarsa irin taka. Na gaya masa ƙulli nake nema wanda ban san yadda ake yin sa ba, amma in aka yi zan gane. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, amma don ladabi ya tashi ya ɗauko zare. Muka ja wani tsohon zane a jikin gadon kara, muka kafa shi tsaye, gefe ɗaya a jingine da rumbu, aka ɗaura sanda a tsakiya a madadin haƙarƙari. Na tsaya gefena, ya tsaya naka. Ya soko, na karɓa na mayar, na ɗora tafin hannu bisa zanen kamar yadda nake yi a da.

Abin da ban sani ba sai ranar, ashe hannuna ya san ƙullinka ko da idona bai sani ba. In kana ƙullawa yadi yana motsi a tafina: ja biyu gajeru, ɗan tsayawa, sannan ja ɗaya mai tsawo da ke kwantar da shi. Isa ya yi na farko, na ce ba shi ba ne. Ya yi na biyu, na gyaran koma, na ce ya yi kusa. Ya yi na uku ya fara gajiya da ni. Sai Ige daga bakin ɗaki ta ce, "Kai, bar wahal da tsoho. Yi mai na gidanmu, wanda kakanka ka yi ga bakin taru, babbar komar nan." Isa ya ce, "Inna, wa ka yin wanga yanzu? Ɓata lokaci na." Ta ce, "Yi dai."

Ja biyu, tsayawa, ja ɗaya.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ƙafafun Isa nake gani ta ƙarƙashin gado, faso a dugadugai, yatsu a buɗe, kuma na rantse na jira in ji ka ce in turo allura. Isa ya leƙo ya ce, "Baba, lahiya?" Na ce lafiya, shi ne.

Na zagaya. Taku biyar ɗin nan na yi su a ƙarshe, a tsakar gidan ƙanwarka, da sanda. Na ce wa Isa ya koya mini. Ya yi a hankali, na gani sarai: yadda ake zagaya zare a yatsa, yadda babban yatsa yake danne shi har sai ja na ƙarshe. Ba wuya gare shi ba. Da na tambaye ka a Kano, kafin a kira azahar na iya. Amma yanzu babban yatsana ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na gwada har la'asar, zaren yana kuɓucewa, Isa yana cewa, "Saura kaɗan, Baba," alhali ni da shi mun san babu saura.

A nan na gaya musu komai, har da abin da na fassara maka a gaban tebur. Isa ya sunkuyar da kai. Ige ta ce, "Shi bai taɓa hwaɗin takarda ba. Madarar gwangwani dai yaka hwaɗi, da jirgin da yab bi ta kanku." Ban san ko sauƙi ta nufa ta yi mini ba. Bai yi mini sauƙi ba.

Sai na tuna wani abin kunya kuma. In zan gyara magana a gaban saje, dole in ba shi sunanka, ni kuwa Tunau kaɗai na sani. Shekara uku ina jin numfashinka ta cikin yadi, ban taɓa tambayar sunanka na yanka ba. Na tambayi Ige. Ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Sunan kakanmu anka sa mai, shi as sa innammu ba ta hwaɗi. Ni ko sunan maigidana na, Allah ya jiƙan shi. Bakina bai taɓa ɗauka tai ba, ba yau za ni hwarawa ba." Na juya ga Isa, ya ce shi ma sunan mahaifinsa ne, ya yi masa nauyi a gaban Inna. Ige ta ce, "Tai masallaci ka tambayi liman wa ab baban Isa." Haka na ja ƙafa zuwa masallacin unguwa bayan sallar magariba, na tsaya a gaban liman ina tambayar sunan mamacin da ban taɓa gani ba, don in san sunan abokina. Ya gaya mini, ya ƙara da sunan mahaifinku. Na rubuta a bayan katin asibitina.

Saje Bitrus ya dawo ranar da ya ce. Tsofaffin unguwa sun taru rakiya, wani har ya kawo mini goro na hanya. Da na so da na ja saje cikin zaure. Amma a gindin darbejiyar nan na yi shekara arba'in ina cewa na ɗinka, na ƙulla, don haka a nan na tsaya na faɗa. Na ce ni mai mayar da allura ne, gwanin wani ne, kuma na karɓe masa takarda da harshen da ba ya ji.

Can wani ya ce, "Haba Mai Jirgi! Har da ranar da Bature ya cire maka hula?" Na ce ba ni ya cire wa ba. Mai goro ya dubi goronsa kamar zai karɓe. Yanzu wasu sun koma ce mini Malam Haliru, ɗaya kuma, wanda muka yi makaranta tare, in zai wuce sai ya ɗaga murya ya ce, "Mai Rabin Jirgi, an tashi lafiya?" Ina amsawa. Ya fi na da zama daidai.

Saje bai yi dariya ba. Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Baba, wata guda ke nan da na gaya wa oga na samu mutum. Yanzu me zan ce?" Na ce ya faɗi abin da ya ji. Na fito da takardar shaidar na ce a gyara sunan da ke kai. Ya juya ta gaba da baya ya ce waɗanda suka buga hatimin nan sun tafi ƙasarsu tun kafin a haife shi, babu ofishin da zai karɓe ta. Abin da ya yi kawai, ya fito da ɗan littafinsa ya kwafi sunanka daga katin asibiti, harafi bayan harafi. Na roƙe shi in za a kafa allo a gaban jirgin a sa sunan. Ya ce zai kai maganar, amma ba shi ke rubuta allo ba. Bai yi mini alkawari ba, kuma na ga girmansa da bai yi ba.

Washegari muka tafi Gummi a motarsa. Isa ya ce ba zai bar gulbi yanzu ba ko janar ne ya zo, ruwa yana janyewa, lokacin kamu ke nan. In an gama zai je. Ya kuma ce shi bai san haƙarƙarin jirgi ba, bai san tazarar ɗinki ba, sai in da tsohon nan a ɗaya gefen. Saje ya dube ni tun daga rawani har sanda, na san abin da yake lissafawa, don ni ma shi nake lissafawa. Wata uku ne kafin a gama kamu. Malamin asibitinmu ya ƙara mini ƙwayoyi, ya ce in rage yawo. Na ce wa saje, in Allah ya kai mu, shi da kansa zai tsaya bayana ya ga yadda ake mayar da allura, sannan ya zagaya ya tsaya bayan Isa. Ya ce shi makanikin inji ne. Na ce taku biyar ne, ya yi su tun ƙafarsa tana da ƙarfi.

Ga inda nake ke nan. Ba na iya zama, ba na iya tafiya mai nisa. Kullum da safe ina soka allura a jikin gadon nan sau ashirin don kada hannu ya manta gefensa, ina tambayar duk wanda ya fito daga Gummi ina ruwa ya kai. Ina tsoron in mutu kafin a gama kamu. Ina kuma tsoron in kai, in tsaya bayan fiffike, in ji ja biyu da ja ɗaya, in san ba kai ba ne.

Ban san ko kana bisa ƙasa ko kana ƙarƙashinta ba. In kana raye, ba na cewa ka zo, hanya ta yi wa irinmu nisa. Ka sa a rubuto mini layi ɗaya, ko zagi ne, zan gane muryar. In kuma ka riga ni, to masu karatu su zama shaida cewa fukafukan da suka tashi daga rumfar nan lafiya suka sauka lafiya, ba hannuna ne ya riƙe su ba. Abin da Baturen ya tambaya ranar, wane ne gwani a cikinku. Amsar ita ce kai.

Ka yafe mini, Zubairu. Yau na fara kiranka da shi, kuma ya yi mini nauyi a baki kamar yadda ya yi wa mutanen gidanku. Zubairu ɗan Mamman, na Gummi, mai ƙulli.

Allah ya sa ka isa inda ka yi niyya. In kana da rai Allah ya ba ka masu kula da kai, ya sa kifi ya yi maka arha. In ka rigaya Allah ya yalwata maka kabari, ya haskaka shi, ya sa kada hakkinka ya tsayar da ni a ranar da babu tafinta. Allah ya ba Ige lafiya, ya tsare Isa a kan ruwa, ya ara mini kwanakin da suka rage kafin a gama kamu. Amin.

Wassalam. Ni ne abokin aikinka na ɗaya gefen,

Haliru Akawu,
Anka.